Mu Hausawan Legas, me ya hana mu shuka?

Jiya da yamma na tsinki gwanda biyu a bayan ɗakinmu a nan Agege. Ɗaya muka yanka muka sha da iyali, ɗayar na aika wa Mama mai gidanmu. Tun daren nake ta juya wata magana a raina, yau dai sai na faɗe ta.

Mu 'yan Arewa da ke Legas muna zama ne kamar gobe da asuba za mu hau mota mu koma. Mutum ya shekara 20 a Idi-Araba ko Obalende ko Alaba Rago, a nan ya yi aure, a nan aka raɗa wa 'ya'yansa suna, amma ka ce masa ya kafa ko zogale ɗaya sai ya ce ai ci-rani ya zo. Wani dattijo da muke sallah masallaci ɗaya ya taɓa tarar da ni ina huda gindin bokitin fenti da ƙusa mai zafi. Ya tsaya ya dube ni, ya ce, "Ɗana, Ikko ka zo neman kuɗi ko noma? Gidan haya ne fa." Na ce, "Baba, ku da kuka zo, wata nawa kuka ce za ku yi?" Ya yi shiru, sannan ya ce wata shida. Ya haura shekara 30 a unguwar nan. Da ya dasa lemu ranar da ya sauka, da yanzu jikokinsa ke sha.

Kuma Agegen nan da muke gani cike da siminti da hayaƙin motocin haya na danfo, gonakin koko da goro ne a farkon ƙarnin da ya wuce. Goron ne ya jawo fatake daga Arewa suka kafa zango, balle da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912. Itatuwan da wasu suka dasa ne suka kawo kakanninmu nan.

Ba zan ce muku abin da sauƙi ba. A gida ƙishirwa ke kashe shuka, a Legas kuwa ruwa ne. Damina na kankama tun Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. Gwanda ba ta jure ruwa ya kwanta a gindinta. Ta farko da na dasa ta kai ƙirjina, ganye shar, aka yi ruwan kwana biyu lambatu ya toshe, kafin mako ya zagayo ganyen ya yi rawaya ya langaɓe. Da na taɓa gindin sai yatsana ya nutse, ya ruɓe daga ƙasa. Tun daga ranar ba na dasa gwanda sai na tara ƙasa na yi mata tudu, bokiti kuma sai na huda shi da kyau na ɗora a kan bulo.

Sai kuma maganar namijin gwanda, wadda ba kowa ke gaya maka ba. Za ka yi wata shida kana ban ruwa, ta yi fure, ashe namiji ne, ba zai ba ka 'ya'ya ba. Ana gane shi da ƙananan furanni masu yawa a kan dogon sili da ke reto. Ta macen furenta babba ne, manne da jikin itacen. Shi ya sa nake shuka uku ko huɗu a lokaci guda, in sun yi fure na zaɓa.

Dodon koɗi kuma da dare yake fitowa, ya aske maka sabon tsiro kafin gari ya waye. Ni da fitilar waya nake bin su bayan isha'i ina tsincewa. Farin ƙwaron nan mai kama da auduga da ke maƙalewa a bayan ganye, ganyen darbejiya nake dakawa in jiƙa ya kwana, in tace, in sa ɗan sabulu in fesa da yamma. Taki kuwa, kashin shanu daga wajen mayankar Oko-Oba ya wadatar, amma don Allah kada a zuba shi ɗanye, ƙone saiwa yake yi. A bar shi ya bushe ya huce na 'yan makonni tukuna.

Abin da ya fi yi mini ciwo ba ƙwari ba ne. A gidan da muka fara zama na reni gwaiba shekara uku, ta fara 'ya'ya ke nan, na dawo daga kasuwa na tarar an sare ta za a shimfiɗa siminti a tsakar gida. Ko sallama ba a yi mini ba. Na tsaya a kan kututturen na rasa abin cewa, don ƙasar ba tawa ba ce. Wannan ne hujjar masu cewa kada a shuka a gidan haya, kuma na san zafinta. Sai dai abin da na koya shi ne dabara, ban daina ba. Yanzu lemun tsamina a rabin durom yake, na'ana'a da daddoya da attaruhu da citta suna cikin bokitai, ranar da muka tashi tare za mu tashi. Abin da zai shiga ƙasa, wato zogale da gwanda, sai da na je na gaida Mama mai gida na nemi izini. Bayarabiya ce, daddoyar da suke kira efirin yanzu a bokitina take tsinka, ita ce ma ta kawo mini reshen shuwaka na kafa. In zan yi tafiya ita ke sa jikanta ya ba su ruwa.

Wanda zai sayi dashen lemu ya nemi mai aure, shi ne ke yin 'ya'ya cikin shekara biyu zuwa uku, na ƙwallo kuwa sai ka jira biyar ko fiye. Dabino kuma a haƙura, busasshiyar iska yake so, laimar Legas ba ta yi masa.

Kada wani ya zaci wannan zai raba shi da zuwa kasuwar kayan gwari ta Mile 12. Lokacin da tumatir ya yi tsadar nan a 2024, bokitaina ba su cika mini tukunya ba, tumatir ma wahala yake ba ni da damina. Ribar a wani wuri take. 'Yata da aka haifa a nan ba ta taɓa ganin zogale a jikin itace ba, a ƙulle cikin leda ta san shi. Ranar da uwarta ta aike ta ta tsinko, aka dafa aka kwaɗanta da ƙuli-ƙuli da albasa, ta ce, "Abba, wannan namu ne?" Wallahi sai da na ji wani abu a ƙirjina. Da safe in na murza ganyen na'ana'a na jefa a shayi, ƙamshin gidanmu na Katsina nake ji. Jemagu da tsuntsaye suna riga mu wata gwandar, yaran maƙwabta ma kan miƙo hannu ta katanga, da farko ina jin haushi, har na tuna hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya shuka wani abu, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi.

Baban nan na masallaci, watan jiya ya aiko ɗansa karɓar reshen zogale. Na ce ya gaya masa ya binne kamar kamu ɗaya a ƙasa, kuma in ya kai tsayin mutum a datse kansa don ya yi rassa, in ba haka ba sama zai miƙe ganyen ya fi ƙarfin hannu. Ranar Asabar zan sake datse nawa, za a samu rassa kamar goma. Wanda ke kusa da Agege yana so, ya yi magana a ajiye masa.