Ina littattafan da za su amsa tambayoyin yaranmu?

A daminar da ta wuce muna hanyar gona da 'yata mai shekara bakwai, ta tsaya a gindin wani gawo ta ɗaga kai ta ce, "Baba, wannan itacen ya mutu ne?" Ko'ina kore shar, gero ya kai ƙugu, shi kaɗai ne tsaye ba ganye. Na ce mata bai mutu ba, haka gawo yake, da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi sabo. Ta ce, "Me ya sa?"

Na gaya mata abin da na sani. Saiwarsa tana nutsawa ƙasa sosai har ta iske ruwa, shi ya sa rani ba ya damunsa. Ganyen da ya zubar taki ne, kuma tunda ba shi da inuwa da damina, ba ya tare wa shuka rana. Duk manomi ya san geron gindin gawo ya fi na gefe kyau, kuma 'ya'yansa ne abincin awaki lokacin da ciyawa ta ƙare. A yankunan Maraɗi da Damagaram, tun shekarun 1980 manoma suke barin tohon itatuwa yana tashi a gonakinsu, gawo na gaba-gaba, har ƙasar da ta fara zama fako ta farfaɗo.

Da na shiga gari sai na ce bari in nemo mata littafi mai hotuna a kan itatuwa. Na zaga shago ya fi biyar. Littattafan yara suna nan jingim, masu kyau, masu sheƙi, amma a ciki akwai tuffa, akwai dusar ƙanƙara, akwai farin beyar na ƙasashen sanyi, akwai yanayi huɗu na Turai. Ban ga kuka ba, ban ga ɗorawa ba, ban ga giginya ba, balle gawo. Na Hausa kuwa, in ka cire na koyon baƙi da na addini, sai 'yan tatsuniyoyi.

Kada a fahimce ni baibai. Ina son tatsuniya, da Gizo da Ƙoƙi muka tashi, kuma ina so yarana su san akwai ƙasar da ruwa yake daskarewa. Abin da nake kuka a kai shi ne littafin gaskiya, wanda zai ɗauki abu guda da yaro yake gani kullum ya buɗe masa cikinsa da hoto da jimla gajera. Yaro ɗan aji ɗaya zuwa uku tambaya ce cike da bakinsa. In kowane littafin ilimi da ya buɗe yana magana ne a kan abin da bai taɓa gani ba, da harshen da bai gama ji ba, a hankali zai ɗauka ilimi wani abu ne na can, abin da ke ƙofar gidansu kuwa bai kai a rubuta ba. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Kuma wallahi abin rubutawa ya yi mana yawa. Ku ɗauki marina kawai. A Ƙofar Mata a Kano, marini yana tsoma farin yadi a ruwan baba, ya ciro shi kore-kore, yana shan iska sai ya rikiɗe ya zama shuɗi a gaban idonka. Shafi goma sha biyu sun isa a nuna wa yaro wannan, kuma ya fara sanin cewa iska tana aiki a kan abubuwa tun kafin ya ji sunan kimiyya. Ga shamuwa, da muke cewa in ta zo ruwa ya kusa: daga kudancin Afirka take tasowa ta zo ta yi sheƙa a wurinmu, damina na ƙarewa ta koma. A zana taswira, a ja layin tafiyarta. Ga hazon hunturu, wanda mai yawa daga cikinsa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska take kwaso shi. Ga shinge da ke fitowa bayan ruwan fari, ga raƙuman dawa na Kure kusa da Yamai, ga giwayen Yankari. Ga sauro, wanda macen ce kaɗai take cizo, kuma a ruwan da ya kwanta take ƙwai. Yaron da ya ga wannan a hoto shi zai fara kifar da tsohuwar tayar da ke tara ruwa a tsakar gida.

Ba sabon abu nake nema ba. A zamanin da Abubakar Imam da Dokta East suke aiki a Zariya, sun rubuta Ikon Allah, littafin da ya yi bayanin halittu da Hausa tsantsa. Wancan na manyan ɗalibai ne, amma ya nuna harshen zai iya ɗauka. Manufar ilimi ta Nijeriya ta shekarar 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa a azuzuwan farko, kuma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida, ya nuna ba su yi asarar Turanci ba. To amma da wane littafi malama za ta koyar? Shirye-shirye irin su Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato sun yi ƙoƙari wajen koya wa yara haɗa baƙi. Sai dai in yaro ya iya haɗa baƙin, dole ya sami abin da zai karanta.

Ga masu niyyar rubutawa, ina roƙon abu biyu. Na farko, a tabbatar da gaskiyar kowace jimla. Littafin yara ba wurin kame-kame ba ne, don abin da yaro ya haddace yana ɗan shekara shida da wuya ya fita. In a kan ƙudan zuma ne, a zauna da mai amya, sannan a kai wa malamin jami'a ya duba. Na biyu, hoto ya yi kama da abin. Na taɓa ganin an zana kuka da ganye kamar na mangwaro, yaron ƙauye kallo ɗaya zai yi ya san ba ita ba ce. Masu zane muna da su, ku dubi bayan manyan motoci da allunan shaguna. Wayar hannu ma tana ɗaukar hoton da ya isa a buga.

Malamanmu na jami'a, na san littafi mai shafi goma sha shida ba ya kawo ƙarin girma a wurin aiki. Amma ku kuka san abin, kuma jikokinku ne za su karanta.

Ni dai na fara da gawon nan. Na ɗauki hotonsa a watan Agusta yana tsirara, zan koma in sake ɗauka a Janairu in ya cika da ganye, daga wuri ɗaya, don shafukan biyu su fuskanci juna. 'Yata ce za ta fara karanta rubutun da ƙarfi, duk kalmar da ta yi tuntuɓe a kai zan canza ta.