Tarawa: a yabi yaran, amma a faɗi wanda ya zuba su a ruwa

Wai kyakkyawan shiri ne ya kawo nasarar Tarawa, tsibiran tekun Pasifik da Amurka ta kwace daga hannun Japan a Yaƙin Duniya na Biyu. Haka na ga an rubuta a ƙarƙashin bidiyon nan da kuke ta turawa juna, har da kiɗan tausayi. Kyakkyawan shiri! Allah Ya shirye ku.

Runduna ta 2 ta sojojin kundunbalan Amurka ta cancanci lambar yabon da shugaban ƙasa ya ba ta, wannan babu ja. Amma jarumtar tasu toshe ɓarakar manya ta yi, kuma duk wanda ya yabe su ya ɓoye ɓarakar ya ci amanarsu.

Ku duba yadda aka yi. Tsibirin Betio na Tarawa, inda aka gwabza, tsawonsa bai wuce kilomita 3 da ɗoriya ba, tudun murjani ya zagaye shi. Kwale-kwalen Higgins mai kai sojoji gaɓa idan ya yi lodi yana son ruwa kusan ƙafa 4 kafin ya haye tudun. Ranar 20 ga Nuwamba 1943 wata yana rabi, ya kuma yi nisa da duniya, lokacin da teku ba ya cika sosai ke nan. Manjo Frank Holland, wanda ya shekara 15 a tsibiran, ya gaya wa kwamandojin Amurka ruwan ba zai kai ba. Aka ji shi, aka wuce. Motocin amtarak masu tafiya a ruwa da tudu guda 125 kacal aka tanada, su suka kwashi sahun farko. Sauran fa? Kwale-kwale ya kafe a kan murjani, aka sauke yara, suka taka ruwa iya ƙirji na ɗaruruwan mitoci, bindiga a ɗage sama da ka, mashinga tana tsintar su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya faɗa rami da nauyin harsashi a bayansa, shi ke nan. Shiri ke nan ko?

Ba a nan ta tsaya ba. Jirgin ruwan yaƙi Maryland da kwamandoji ke ciki, duk sa'ad da ya harba manyan bindigoginsa sai girgizar ta kashe masa rediyo. Na yaran kuma ruwan gishiri ya jiƙa su. Aka tsagaita luguden wuta tun amtarak ba su taɓa gaɓa ba, Japanawa suka samu sararin fitowa daga ramuka su koma kan bindigoginsu.

Na san za a ce ai yaƙi ne, ba a rasa kuskure, ai daga nan aka koyi darasi har aka kafa masu ninƙaya su riƙa auna gaɓa tun kafin hari. Madalla. To a faɗi kuɗin makarantar: mutum kusan 1,000 cikin awa 76, sama da 2,000 da raunuka.

Tsakani da Allah, idan na karanta labarin Manjo Michael Ryan jikina sanyi yake yi. Ya tattara ragowar rukunonin da suka tarwatse, yaran da ba su san shi ba, da tanka biyu, ya kwace gaɓar yamma a rana ta biyu, ta nan aka samu shigo da ɗauki a tsare. Mutum huɗu suka samu babbar lambar yabo ta ƙasar, Kanar David Shoup kaɗai ya karɓi tasa da ransa. Irin waɗannan ba sa bukatar a yi musu kwalliya da ƙarya.

Af, kuma masu bidiyon sun ce Japanawa 17 aka kama da rai. Gaskiya ne, sai dai mutum 146 aka kama. Sauran 129 leburori ne 'yan Koriya, daga cikin kimanin 1,200 da aka kawo su haƙa ramuka da jera kututturan kwakwa. Su wa ya taɓa yi musu bidiyo?