Sikanin ba na masu juna biyu kaɗai ba ne

Na ji daɗin wani rahoto da na gani kan ƙananan na'urorin sikanin da likita zai haɗa da wayarsa ya duba majinyaci a kan gado. Mu a nan da an ce sikanin, sai hankali ya tafi ga mai ciki. Ba laifinmu ba ne, tun 1958 da Ian Donald, likitan mata a Glasgow, ya wallafa bincikensa, ta wannan ƙofar aka fi saninsa.

Amma a ɗakin gaggawa ma yana ceton rai sosai. Na'urar tana aika sauti ne cikin jiki, wanda kunne ba ya ji, ya dawo ya zama hoto. Jini ko ruwa baƙi yake fitowa, shi ya sa cikin 'yan mintoci za a gane ko wanda ya yi haɗarin mota yana zubar da jini ta ciki. Huhu ma da aka daɗe ana cewa iska ta hana a duba shi, Daniel Lichtenstein, wani likita a Faransa, ya nuna ana iyawa, ya fitar da tsarinsa na duba huhu da sikanin a 2008.

Ƙanena ya faɗi da babur bara, muka kwana a wani asibiti ana jiran mai sikanin ya zo da safe, cikinsa na ta kumbura. Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba. Na'urar kuwa tana nan a ɗaki, an kulle. To, in an sayo sababbin, wa zai koya wa likitocin dare amfani da su?