Ba da Kabon-14 Ake Auna Shekarun Dutse Ba

Sau da yawa a fadarmu ta Yamai, in hira ta faɗa kan duwatsun Azbin, sai wani ya ce ai da kabon-14 masana suka gano shekarunsu. Abin yana damuna, ko da yake ban ga laifin masu faɗa ba, tunda shi ne awon da aka fi ji a makaranta.

Kabon-14 na abin da ya taɓa rayuwa ne, kamar ƙashi ko gawayi. Rabinsa yana ƙarewa cikin shekara 5,730, don haka bayan shekara kimanin 50,000 ba ya saura abin aunawa.

Shi kuwa dutsen da ya narke ya kutsa cikin ƙasa ya daskare, uraniyom ake bi a auna shekarunsa, irin wanda ake haƙowa a Arlit. Akwai ɗan ƙanƙanin ma'adini cikin dutsen, zirkon, mai karɓar uraniyom lokacin daskarewa amma ya ƙi dalma. To uraniyom-238 a hankali yake rikiɗa ya zama dalma, rabinsa cikin shekara kusan biliyan 4.5. Dalmar da aka tarar ciki, bayan daskarewa ta taru. In aka gwada yawanta da na uraniyom, sai lissafi ya ba da lokacin da dutsen ya huce.