Ranar da na kai ƙwan dainoso gidan tarihi

A bakin wani busasshen rafi na tsinci dutsen. Dunƙulalle ne, mai santsi, ya cika tafin hannu biyu, gefe ɗaya ya ɗan tsuke kamar na ƙwai. Kafin in iso gida na riga na yanke masa hukunci: ƙwan dainoso ne, manya-manyan dabbobin nan masu kama da ƙadangaru da aka ce sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Na wanke shi da sabulu, na goga masa man takalmi har ya fara ɗaukar ido, na naɗe shi a tawul. Matata ta leƙa ta ce, "To, kai za ka kwanta a kai ko a nemo kaza?" Ban tanka ba. Na san masu ilimi sun saba da irin wannan.

A daren na karanta cewa tun 1758, da Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin ya tsara sunayen dabbobi, kowace halitta kalma biyu ake raɗa mata da Latin, kuma akan karrama wanda ya gano abu ta hanyar liƙa sunansa a kalma ta biyu. Na kwana ina gwada yadda sunana zai zauna da wutsiyar Latin. Bai yi muni ba ko kaɗan.

Washegari na ɗauki ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara tara, don a samu shaida. Wannan shi ne kuskurena na farko.

Gidan tarihin halittun ɗan ƙarami ne, ɗaki uku da baranda. Na sha wucewa ta gabansa ban taɓa shiga ba. Kana sa ƙafa warin ƙwayar kare tufafi daga asu zai tarbe ka, sannan wata mujiya da aka cusa wa auduga ta kafe ka da idon gilashi kamar ka ci mata bashi. Akwai beguwa, akwai macizai a kwalaben sinadari, akwai ƙoƙon kan kada. Wani dattijo mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi, ya taso daga bayan tebur.

"Baba, wurin shugaba na zo," na ce, ina rungume da tawul.

"Ni ne. Ni ne kuma mai shara. Zauna, ɗana."

Ashe yana cikin mutum ukun da suka kafa wurin. Shi malamin makaranta ne, ya yi shekaru yana koyar da ilimin halittu da alli kawai, har wata rana ɗalibi ya tambaye shi ko jemage tsuntsu ne, ya ga cewa zane a allo ba zai raba gardamar ba. Na biyu likitan dabbobi ne, wanda duk abin da ya mutu a hanya sai ya tsaya ya sa a bayan mota, har iyalinsa suka daina shiga motar. Ya rasu, amma ƙasusuwan da ya dafa ya kankare ya ɗaure da waya suna nan tsaye. Ta uku ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, ita ke da akwatunan malam-buɗe-littafi, kowanne an soke shi da allura, da 'yar takarda a ƙasansa da ba ta kai farce ba. Tana ɗakin ciki tana aiki. Da kabad ɗaya suka fara, in ji shi, a bayan aji. Ba wanda ya ba su ko kwabo, kuma har yau in rufi ya yi yoyo su ke kawo bokiti.

Na saurara da rabin kunne, don ni jira nake a zo kan maganata. Da na buɗe tawul, Baba ya sauko da tabarau na biyu.

"A ina ka samo?"

"A rafi."

"Wane rafi? Ta wane gefe? A cikin ƙasa yake ko a sama? Ran nawa ga wata?"

Na ce, "Can dai... wajen da akwai wata bishiya."

Ya ɗaga kai ya dube ni. Ya ce abu in ba a san inda ya fito da ranar da aka ɗauko shi da wanda ya ɗauko ba, ko da na gaske ne rabin amfaninsa ya tafi, shi ya sa suke ɗaukar 'yar takardar nan da daraja kamar abin da ke kanta. Sannan ya shinshina. "Wannan ƙamshin fa?"

"Man takalmi ne," in ji yaron, ba wanda ya tambaye shi.

Baba ya ɗauko madubin ƙara girma ya yi ta juya ƙwaina. Ya ce ƙwai na gaske yana da ɓawo siriri da ake iya bambanta shi da abin da ke ciki, a jikinsa akwai ƙananan ƙofofi da ɗan da ke ciki yake shaƙar iska ta nan, kuma yawanci a tsattsage ake samunsa, kamar waɗanda masu bincike daga Amurka suka haƙo a hamadar Gobi ta Mongoliya a 1923. Nawa kuwa curi ne kawai: ruwa mai ɗauke da ma'adinai ya bi ta cikin yashi, ya riƙa manne shi kewaye da ɗan ganye ko guntun katantanwa, a hankali har ya dunƙule. Ya ƙara da cewa ko ƙashi ne ma akwai dabarar masu haƙa: a taɓa da harshe. Ƙashin da ya zama dutse yana da 'yan ramuka, sai ya ɗan kama harshe, dutse kuwa ba ruwansa.

Ya tashi ya shiga ciki ɗauko rijista. Yaron ya dube ni da irin kallon da ake wa ɗan dambe da ya faɗi a turmin farko. Dole in farfaɗo da martabata.

Kusa da ƙofa akwai tebur da aka rubuta an yarda a taɓa. Bayanan duk da tsohuwar tafireta aka buga su, irin wadda ba ta da haruffa masu lanƙwasa. Na ga "kaho", na ga "kwarangwal", na gane tsarin. Sai ga wani ɗan dutse baƙi-baƙi, a murɗe, an rubuta "kashi" a gabansa. Na ce wa yaron, "Zo ka ga yadda masana suke yi." Na ɗauka, na gyara tsayuwa, na lasa. Ban ji komai ba, sai na sake lasa, wannan karon da kyau, tun daga wannan gefe har wancan.

"Lallai ƙashi ne," na ce. "Ina jin na ƙafa ne."

"Ɗana," wata murya ta ce daga bayana. Mama ce mai malam-buɗe-littafi, da allura a hannu. "Duba takardun nan da kyau. Duk inda ake son lanƙwasa, ni da kaina nake bi da biro ina sawa."

Na duba. Ƙaho na da 'yar lanƙwasarsa da shuɗin biro. Ƙwarangwal na da tasa. Wanda ke hannuna, wanda har yanzu yake da danshin yawuna, ba shi da komai. Kashi aka rubuta, kashi kuma ake nufi.

Baba ya fito ya tarar da mu haka, kuma maimakon ya taya ni jimami sai fuskarsa ta washe, don an taɓo masa inda yake so. Ya ce wata mata mai suna Mary Anning, mai haƙo burbushin halittu a gaɓar tekun Lyme Regis a kudancin Ingila, ita ta lura ana yawan samun irin waɗannan duwatsu a daidai wurin tumbi a ƙwarangwal ɗin manyan dabbobin ruwa, kuma in an fasa sai a ga ƙayoyin kifi a ciki. A 1829 William Buckland ya raɗa musu suna koprolait, daga kalmomin Girka biyu, kashi da dutse. Har tebur aka yi wa Buckland da aka ƙawata samansa da su, yana nan a ɗan gidan tarihin garin, wanda aka gina a filin gidan da aka haifi matar. Ya ce ta nan ake sanin wa ya ci wa a zamanin da, abin da ƙashi shi kaɗai ba zai gaya maka ba.

"Kada ka damu," in ji Mama. "Ya daɗe da zama dutse. Abin da zai dame ka shi ne hannun yaran makarantar da suka wuni suna jagwalgwala shi jiya."

Ina goge harshe da tawul ɗin ƙwaina, Baba ya buɗe rijista ya ce in ba ni da ja, suna son dutsen. Zuciyata ta ɗan ɗago. Ya kai ni ɗaki na uku, gaban wata kanta mai ɗauke da duwatsu dunƙulallu goma sha uku, a samansu an buga: "Kwan dainoso da jama'a suka kawo", da lanƙwasar biro a kan harafin farko. Ya ce ita ce kantar da yara suka fi koyon abu a kai. Nawa ya zama na goma sha huɗu, kuma shi kaɗai ke ƙyalli. Mama ta zauna ta buga takardarsa: sunana cikakke, babu wutsiyar Latin, sai "wuri: wajen wata bishiya".

A hanya na yi wa yaron alkawura iri-iri in ya riƙe bakinsa. Ya rantse. Muna shiga gida matata ta ce, "Ya ƙyanƙyashe?"

Yaron ya ce, "A'a. Amma kada ki sha ruwa da kofin Kawu."