Nasiha ga ƴan fada: hiroyin ba ta san gwaji ba

Assalamu alaikum ƴan uwana na Damagaram, dan Allah ku daure ku karanta har ƙarshe.

Jiya bayan isha'i muna fada ana dafa shayi sai wani ƙanenmu ya ce wai hiroyin ai ta Turawa ce, mu nan iyakarmu tramol da wiwi da sholisho. Wlh maganar ta tsaya mini a rai har na kasa barci, domin tramol da hiroyin ƴan gida ɗaya ne, wuri ɗaya suke kamawa a ƙwaƙwalwa. Yaron da ya fara da tramol ɗaya don ya jure kabu-kabu ko aikin gini, yau uku ba sa yi masa komai, to ranar da wani ya ce masa ga wadda ta fi ƙarfi kuna jin zai ce a'a?

Daga ƙaron wani fure ake fitar da morfin, daga morfin a yi hiroyin, kuma abin mamaki a 1898 kamfanin Bayer na Jamus a matsayin maganin tari ya riƙa saida ta a kwalba, sai daga baya duniya ta gane abin da aka sako mata. Masu ilimin magani ma ta ruɗe su, balle ni da kai.

Allah ya halicci jikinmu da nasa sinadarin rage zafi da kwantar da rai. In hiroyin ta shiga sai ta cika wurin fiye da ƙima, jiki ya saba, ya daina dogaro da nasa. Daɗin farkon nan ba ya dawowa, sai dai a yi ta ƙara yawa ana bin sa. Daga nan mutum ba don daɗi yake sha ba, don gudun azaba yake sha, awa 6 zuwa 12 in bai samu ba sai hamma da majina da hawaye, zufa, tsigar jiki ta tashi, amai da zawo, ƙasusuwa kamar ana sara su da gatari, barci ya ƙaurace, kwana biyu zuwa uku abin ya kai maƙura. A wannan halin ne ake ɗauke wayar uwa da tunkiyar gida a kai kasuwar Dole. Salla kuwa tuni ta tafi. Masu yi da allura ga jijiyoyi su lalace, ga ƙuraje masu ruɓa, ga sida da ciwon hanta in ana karɓa-karɓa da allura ɗaya.

Amma kisan nata ta numfashi yake zuwa. Tana danne wurin da ke sa mutum numfashi, ya yi ta raguwa yana barci har ya tsaya, abokai na gefe suna cewa ƙyale shi ya yi nisa ne. Kuma ku riƙe wannan: wanda ya bari na ƴan makonni, ko don azumi ko ya fito daga kaso, in ya koma ya sha adadin da ya saba a da, shi ya fi kowa kusa da kabari domin jikin ya manta sabon. Allah ya ce a Baƙara aya ta 195 kada ku jefa kanku da hannayenku zuwa ga halaka, kuma Annabi (SAW) ya ce duk abin da ke sa maye giya ne, duk giya haramun ce. Babu wani zancen wai ai ba a ambaci sunanta ba.

Iyayenmu, ku yi mini haƙuri in faɗa. Tsinuwa da kora ba su taɓa warkar da kowa ba. A zamanin Manzon Allah (SAW) akwai wanda ake ta kawowa saboda shan giya, wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya ce mutumin yana son Allah da Manzonsa. Ɗanku mara lafiya ne ko da shi ya jawo wa kansa. A yi addu'a, a kai shi wajen malam ya ji wa'azi, amma mari a ƙafa ba ya cire abin daga ƙwaƙwalwa, ana kwance shi zai koma. A haɗa da gidan likita, akwai magunguna irin su metadon da ake ba masu wannan ciwo a hannun lokotoro, kuma in ya zame ya koma kar a ce shi kenan, a sake kama hannunsa. Kai kuma da kake ciki kana karanta wannan a ɓoye, je ka buɗe Zumar aya ta 53, kada ku yanke ƙauna daga rahamar Allah, da kai ake.

In kuka ga mutum ana girgiza shi ba ya farkawa, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, leɓɓansa sun canza launi, numfashi sama-sama ko wani irin minshari, kar a ɗura masa madara ko ruwan tsamiya, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a nemi mota a yi asibiti da shi nan take, kuma a faɗa wa lokotoro gaskiyar abin da ya sha ko da kunya, akwai allurar naloksan da ke dawo da numfashi cikin ƴan mintoci in an kai shi da wuri.