Rim Ɗin Alhaji Ya Yi Jini

ALHAJI: Kai ɗan boko, zo ka duba min nan. Tsuguna mana, digirin naka ba zai zube ba. Me ka gani?

ƊAN BOKO: Ƙurar birki ce Alhaji, ga tsatsa ta fara fitowa ɗigo-ɗigo.

ALHAJI: Ƙurar wa? Motar da aka sauko min da ita daga Kwatano ko wata shida ba a yi ba? Kullum sai an wanke ta da Omo sau biyu amma baƙin nan yana nan kamar tabon sallah. Wannan aikin hannu ne yaro. Tun ranar da na faka ta a ƙofar gida wani maƙwabcina ya ce "masha Allah" bai kai ƙarshe ba na san za a rina.

(Ɗan bokon nan kimiyyar sinadarai ya karanta fa, shekara huɗu ta zama shida saboda yajin aiki, ya yi bautar ƙasa ya zaga ofis-ofis da takardu har takalmi ya cinye, ƙarshe dai ga shi da tiyo a hannu a wurin wankin mota. Mu bar wannan maganar kada hawan jini ya tashi.)

ƊAN BOKO: Ranka ya daɗe duk sanda ka taka birki, fad ne ke matse faifan ƙarfen da ke bayan rim, suna gugar juna suna zafi, ɓurɓushin ƙarfe na fallatsa da zafinsa ya maƙale a jikin fentin rim. Ruwa na taɓa shi sai ya yi tsatsa. Shi ya sa Omo ba ya fitar da shi, ba a sama yake ba, ya nutse.

ALHAJI: To ka ga inda ka kama kanka. Ni ba na taka birki.

ƊAN BOKO: Na'am?

ALHAJI: Shekara 31 ina tuƙi. Birki na 'yan koyo ne. Ni da giya nake tsayawa.

ƊAN BOKO: Alhaji motar otomatik ce.

ALHAJI: Da ido nake tsayawa to! In na hango abu tun daga nesa motar ta san halina.

Sai ga Oga Bakanike ya tsallako daga garejinsa yana goge hannu da tsumman da ya fi hannun datti, dama kunnensa na nan tun ɗazu.

BAKANIKE: Alhaji barka da hutawa. Ai ni na canza maka fad wancan watan, har ka ce in samo mai araha a Ƙofar Ruwa.

ALHAJI: Wa ya kira ka?

BAKANIKE: Ba kowa. Amma a garin nan wa zai ce ba ya taka birki, ɗan adaidaita sahu ya hango fasinja ya tsaya maka cak a tsakiyar titi ko sigina babu, ka wuce shi ka faɗa rami, ka fito daga rami ka hau tudun da 'yan unguwa suka gina da daddare kamar katangar makabarta, gaba kuma ga masu cewa faka-faka. Kai yaro kawo ruwan batir mu zuba masa, minti ɗaya zai yi fari tas.

ƊAN BOKO: Oga don girman Allah! Asid ne fa, rim ɗin alminiyam ne, zai cinye fentin ya bar shi fari-fari kamar ƙafar da ta sha hunturu ba mai. Kai kuma ajiye soson wayar nan, tukunyar tuwo aka ba ka?

Yaron wanki ya mayar da soson aljihu, ransa bai so ba.

ALHAJI: Tsaya. In ƙura ce me ya sa tayoyin gaba suka fi na baya baƙi? Amsa min wannan. Saboda gaban motar ne ke kallon gidan mutumin!

ƊAN BOKO: Saboda in an taka birki nauyin mota gaba yake tafiya, birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin. Duba duk motocin da ke layin nan, haka suke.

ALHAJI: Kowa da maƙwabcinsa.

Ɗan boko bai ce komai ba, ya ɗora bayan hannu a kan rim ya janye da sauri. Ya sa aka tura motar ƙarƙashin darbejiya, ya ce sai ta huce, don in aka fesa maganin cire ƙurar birki a rim mai zafi ko a tsakar rana bushewa zai yi ya bar tabon da ya fi na da. Alhaji ya yi minti ashirin yana duba agogo, agogon da ya tsaya tun azumin bara amma ruwan gwal ne ba a cirewa. Da ta huce aka watsa ruwa aka kore yashi, ɗan boko ya ɗauko wata roba ya fesa fsss fsss.

ALHAJI: Subhanallahi! Wannan warin fa? Ruɓaɓɓen ƙwai! Na faɗa muku! Ƙwai aka binne min!

ƊAN BOKO: Warin maganin ne Alhaji, akwai farar wuta a haɗinsa. Tayogilaikolet sunan sinadarin, irinsa ne a cikin man da ake shafawa a cire gashi.

Alhaji ya ja da baya taku uku, hannu biyu a kan gemu.

Ba a yi minti biyu ba rim ya fara zubar da wani ruwa ja-ja kalar zoɓo, yana gangarowa ta tsakanin ƙarafan har ƙasa. Yaron wanki da ya ga abin nan sau ɗari shi ma ya ce "kai!" don dai a ƙara wa abin armashi.

ALHAJI: Innalillahi! JINI! Oga ka gani da idonka ko? Jinin baƙin bunsuru ne wannan, na san kalarsa!

BAKANIKE: Gaskiya Alhaji ni ma jikina ya ɗan yi sanyi.

ƊAN BOKO: Oga kai ma? Maganin ne ya haɗu da ƙarfen, duk inda ya tarar da ɓurɓushin ƙarfe sai ya narkar da shi ya koma wannan kalar. Ku duba.

Ya fesa a jikin bokitin roba, shiru. Ya je ya fesa a tayar tsohuwar Fijo 406 ta Oga, nan take ta fara zoɓo har ta fi ta Alhaji.

ALHAJI: Allah sarki Oga, ashe kai naka ya fi nawa tsanani. Wa ka cinye wa kuɗin gyara?

BAKANIKE: Alhaji mu bar tone-tone.

Ɗan boko ya ɗauki buroshi mai laushi ya bi lungu-lungu har ramin notuna, ya miƙa hannu zai buɗe tiyo.

ALHAJI: Kar ka wanke! Haka zan tafi da ita gida, Hajiya ta gani, ita da take cewa zargi ya yi min yawa. In faka ta a ƙofar mutumin ya san an gano shi.

ƊAN BOKO: Minti uku zuwa biyar ake ba shi Alhaji, in ya bushe a jiki wallahi ba ruwana.

ALHAJI: To ɗauke ni hoto. Tsaya in gyara hula. Ka tabbatar agogon ya fito.

Aka yi hoto bakwai, Alhaji ya ƙi shida. Aka ɗauraye da ruwa mai yawa, aka bi da sabulu aka goge, rim ya fito yana walƙiya har Alhaji ya leƙa ya gyara gashin baki a ciki.

ƊAN BOKO: In kana so kar ya dawo da wuri a riƙa wanke shi duk sati kafin ya kama, in fad ɗin nan ya ƙare kuma a sa na siramik, ya fi tsada amma ƙurarsa kaɗan ce.

ALHAJI: Wanda ba ya taka birki ina ruwansa da fad. Nawa ne kuɗinka?

ƊAN BOKO: Dubu takwas, maganin daga waje ake kawo shi, ka san yadda dala take.

ALHAJI: Dubu me? Ni fa dubu hamsin na ware a aljihun nan, daga nan wajen wani malami zan wuce a karya abin. Amma tunda kai da bakinka ka rantse ƙura ce, kuɗin wanke ƙura ɗari biyar ne ko'ina a Kano. Ungo.

Ɗan boko ya kalli ɗari biyar. Ya kalli aljihun. Ya kalli Oga, Oga ya ɗaga kai yana ƙirga ganyen darbejiya.

ƊAN BOKO: Alhaji... matso kusa. Ɗazu saboda mutane ne ban faɗa ba. Kalar nan da ta fito a tayar hagu, ni ma tunda nake ban taɓa ganin irinta ba.

ALHAJI: Yauwa! Yanzu ka yi karatu. Bunsuru ne ko?

ƊAN BOKO: Biyu ma.